Muryar Baba a Aljihun Sama

Abu na farko da aka koya mini a gidan rediyon garinmu shi ne karanta sanarwar rasuwa. Labarai da gaishe-gaishe sun zo daga baya. Wanda ya koya mini ya ce in ka yi kuskure a labari kana iya gyarawa gobe, amma in ka kashe mai rai a rediyo, kafin ka gyara danginsa sun cika mota daga ƙauyen Deule. Saboda haka muna da ƙa'ida: suna shi kaɗai ba ya isa. A ƙauye guda sai ka tarar da mutum biyar masu suna ɗaya. Wanda ya kawo takarda sai ka tsayar da shi, ka tambaye shi ɗan wane ne mamacin, wace unguwa, gidan da ke gabas da masallaci ko na yamma. Ka rubuta, ka karanta masa, ya ce haka ne, sannan ka shiga ɗaki ka kunna makirfo. Na yi shekaru ina yin haka har ya zama mini jiki. Ko a kasuwa aka ce mini wane ya zo, sai in ji bakina ya ce, “Wanne?”

Gidan rediyon ƙarami ne, ɗaki uku da eriya, a wani gari kan hanyar da ta bar godoro, wato kwalta, a Madawa ta nufi Buza. Dukiyarmu mafi girma ita ce wata na'ura da wani poroje, irin shirye-shiryen nan na masu ba da tallafi, ya bar mana da ya gama aikinsa. In ina magana a rediyo nakan kira ta na'ura mai ƙwaƙwalwa, in na fito kuma ordinatar ce kamar yadda kowa yake faɗa. Ba irin waɗanda ake gani a shagunan Madawa ba ce. Akwati ce mai nauyi, ruwan toka, sai mutum biyu suke ɗaga ta. A gabanta akwai ɗan ƙyaure, in ka buɗe sai ka ga aljihu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne da faifai a ciki. Abin da muka sani shi ne ɗaya faifan aiki ne, shi ke tafiyar da ita, ɗayan kuma na ajiya, duk abin da muka ɗauka yana kansa. Ba mu taɓa damuwa da sanin wanne ne wanne ba. A jikin ƙyauren daga ciki akwai tabon gam mai kusurwa huɗu, alamar an taɓa manna takarda a wurin, gara ta cinye ta tun kafin in fara aiki.

A faifan ajiyar nan muryar Baba take. Ba mahaifina ba ne. Wani tsohon manomi ne daga wani ƙauye kusa da Tama, wanda muka yi damina shida muna shirin noma da shi. Duk ranar kasuwa yana zuwa, ya ajiye sandarsa a bakin ƙofa, ya cire takalmi ko da mun ce ba sai ya cire ba, ya zauna ya yi rabin awa yana magana. Ni ke yi masa tambayoyi. Ya san yadda ake gane hadarin da zai zubar da wanda iska kawai zai yi. Ya san zurfin ramin tassa, wanda ake haƙa don tare ruwa a fako, da yawan takin da ake zuba masa, da inda ake jera duwatsu don ruwan tudu ya rage gudu. Ba ya rubutu, ba ya kuma maimaita kansa. Kuma ba ya barin a gama shiri bai tsokane ni ba.

“Ke ƴar nan mai Hausar rediyo,” yakan ce, “in kin gama lanƙwasa harshe, ki tambaye ni abin da kike so in gane.”

Ya rasu a farkon wata damina, bayan ya gama shuka. Muka je ta'aziyya ni da diraktanmu. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune a ɗaki cikin takaba. Da na durƙusa na gaishe ta, sai ta riƙe mini hannu.

“Ɗiyata, an ce maganar da ya yi muku ba ta ɓacewa.”

“Tana nan, Inna. Duk tana nan.”

“To ranar sadakar arba'in ku sa mini shi. Ni ban hita, amma rediyo na shigowa.”

Na ce insha Allahu. Dirakta da ke tsugune a bakin ƙofa shi ma ya ce insha Allahu. Da muka dawo na faɗa a rediyo, da muryata, cewa ranar arba'in bayan la'asar za a ji Baba. Alkawarin ya zama na gari duka.

Saura kwana biyar, da azahar, hadari ya taso daga gabas. Wutar gari ta ɗauke ta dawo har sau uku cikin ɗan lokaci. Dirakta yana ɗakin, ya yi ta danne-danne don ya kashe na'urar kafin ta lalace. Da ruwa ya ɗauke muka kunna ta. Maimakon hoton da muka saba gani, sai farin allo da baƙin rubutu cikin Turancin Ingilishi, wanda ba mai jin sa a cikinmu, makarantarmu ta Faransanci ce. Ta rubuta layi kaɗan ta tsaya. Muka kashe muka sake kunnawa, ta sake rubuta layukan nan ta tsaya a daidai wurin. Rediyo bai mutu ba, makirfo yana aiki, muna iya magana kai tsaye. Amma karatun Alƙur'ani da muke buɗe tasha da shi, da kiɗan shirye-shirye, da damina shida na Baba, duk suna cikin akwatin da ya ƙi tashi. Ba mu da kwafin ko ɗaya a wani wuri.

Washegari dirakta ya aika aka ɗauko mai gyara daga Madawa. Matashi ne mai shago kusa da tasha, ya yi suna wajen gyaran waya da ƙananan ordinatar, kuma mutum ne mai gaskiya. Da ya ga akwatin ya zagaya shi yana dariya.

“Tanti, wagga ai ta girme ni. Kamata ya yi in gaishe ta tukuna.”

“Gaishe ta, ƙanena, ko za ta amsa maka. Mu ta yi mana shiru.”

Ya yi aiki da hankali. Ya duba wayoyi, ya hure ciki, ya ciro faifan biyu ya gwada ko za su shiga tasa na'urar, bakinsu bai zo ɗaya ba. Daga nan ya musanya su, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Da ya kunna sai rubutu ya fara gudu, layi bayan layi, har dirakta ya fara hamdala. Can sai ta sake tsayawa, a wani wuri dabam. Mai gyara ya mayar da kowane faifai inda ya same shi, ya goge hannu a wando.

“Dirakta, kun gani da idonku. Ta hwara tashi ta hwaɗi. Abin da ke tahiyar da ita ya lalace. Sai an goge an zuba sabo.”

A cikin kabad ya sami faifan zubi da poroje ya bari tare da na'urar. Ya ce aikin awa biyu ne. Ya nuna mana wata gajeriyar kalma a allon, ya ce ma'anarta diski, wato faifai, kuma a kan abin da na'urar take kira da wannan sunan zai zuba sabon.

“Na ajiya ba ruwana da shi,” in ji shi. “Ba ni taɓa shi.”

“Wanne za ka goge?” na ce.

“Diski mana, Tanti.”

“Diski biyu ne. Wanne?”

“Wanda ita take kira diski. Ta san abinta.”

“In ta san abinta, me ya hana ta tashi?”

Dirakta ya ce, “Madam, wagga ba sanarwar mutuwa ba ce. Ki bar yaro ya yi aikinshi.” Na ce ni ma ban san aikin ba, amma ban taɓa yarda a ba ni suna ba tare da kwatance ba, kuma abin da aka goge ba ya dawowa da ban haƙuri. Muka ɗan ja. Dirakta yana da hujja, tun jiya muna buɗe tasha ba karatu, mutane sun fara tambaya. A ƙarshe ya ɗaga yatsu biyu.

“Kwana biyu. In ba ki samo komi ba, a zuba. Gara a rasa ranar arba'in da a rasa rediyo.”

Ban gaya masa ba, amma tsorona ya wuce ranar arba'in. Rana ana iya ɗaga ta. Muryar in ta tafi, ta tafi.

Mai gyara bai yi fushi ba. Ya zauna ya bincika a wayarsa, ya samo umarni biyu da ya ce ba sa canza komai, nunawa kawai suke yi, ya buga su a inda rubutun allon ya tsaya. Na farko ya fito da jerin sunaye, kowane gajeren suna da dogon layi a gabansa, haruffa da lambobi da alamomi a cakuɗe. Ya ce gajeren laƙabi ne, dogon kuma shi ne kwatancen inda abin yake a cikin akwatin. Na biyu ya fito da wani jerin, na abubuwan da aka saita. Na ɗauko littafin da nake rubuta sanarwa, na kwafe duka, harafi bayan harafi, shafi uku. Ba na jin ko kalma ɗaya. Na yi abin da na iya, na karanta abin da na rubuta da ƙarfi, shi yana bin allon da yatsa yana cewa haka ne.

A wajen karantawar ne na ji bakina ya faɗi abu ɗaya sau biyu. Kalmar nan ta diski tana shafin farko da kwatancenta. Tana kuma can ƙasan shafi na uku, a cikin wani layi da ya yi kama da saƙon da wani ya bari, da kwatance iri ɗaya sak, in ban da lamba guda kusa da ƙarshe. A shafin farko sifiri, a na uku ɗaya.

“Suna ɗaya, gida biyu,” na ce.

Ya duba, ya sake dubawa. “Wallahi haka ne. Amma mi yake nuhi, ban sani ba. Wanda ya rubuta na ƙasan shi ka sani.”

Wanda ya kafa mana na'urar wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kowa Malam yake kiransa. Ya bar aiki ya koma ƙauyensu a wani kwari bayan Keita kafin a ɗauke ni. Na kira lambarsa sau da yawa, ba ta shiga, rezon waya bai kai can ba. Washegari da sassafe na sa littafin a leda saboda ruwa, na hau mota zuwa Buza, daga nan na sami wata ta ƴan kasuwa mai zuwa Keita. A hanya muka tarar da gulbi ya kawo. Muka sauka muka zauna a kan duwatsu sama da awa ɗaya, muna kallon ruwan ja yana wucewa da rassan itace, wani makiyayi a ɗaya gefen yana jira da shanunsa kamar yadda muke jira. Ba wanda ya yi gaggawa. Hatsi ya kai gwiwa a gonaki, kore ko'ina har kan tuddan da na saba gani tsirara, ina ta ganin jerin duwatsu irin waɗanda Baba yake kwatantawa. Daga Keita kabu-kabu ya ƙarasa da ni.

Na sami Malam a gona yana maimai. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Na gaishe shi, na faɗi daga inda nake. Ya jingina hauya da wata bagaruwa, muka zauna a inuwa.

“Tsohuwar tana nan da rai?” ya tambaya. Na'urar yake nufi.

“Tana kwance, Malam. Shi ya kawo ni.”

Na ba shi labari a taƙaice, na miƙa masa littafin. Ya karanta shafi ukun a hankali, leɓunansa suna motsi. Da ya kai ƙasan na uku sai ya fara dariya, har tabarau ya zame.

“Wanga rubutuna ne. Wa ya kwahe shi haka ba kuskure?”

“Ni ce.”

“Kin iya Ingilishi?”

“Ko kaɗan.”

“Shi ya sa. Da kin iya da kin gyara mini.”

Sai ya bayyana mini, ya kuma bayyana yadda zan gane. A cikin akwatin akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da take fara farkawa kafin komai, kamar mai gadi. Aikinta ɗaya ne, ta je ta ta da faifan aiki. Waɗanda suka ƙera na'urar sun gaya wa mai gadin nan cewa in an ce diski, aljihun sama ake nufi, domin a can suke sa faifan aiki. Haka ta zo daga poroje. Amma ranar da Malam ya kawo faifai na biyu don ajiya, abu na farko da aka ɗauka a kansa shi ne karatun Alƙur'ani na buɗe tasha. Da ya zo zai tura shi aljihun ƙasa, sai hannunsa ya tsaya.

“Ke a gidanku ana ɗora wani littahi bisa Alƙur'ani?”

“A'a.”

“To. Na san ƙarhe ne, na san ba takarda ba ce. Na yi karatun abin, ba sai an gaya mini ba. Amma hannuna ya ƙi. Sai na mai da na karatu sama, na aiki ya sauko ƙasa.”

Don na'urar ta gane sabon zaman, ya bar wa mai gadin saƙo a rubuce, cewa daga yau in an ce diski, aljihun ƙasa ake nufi. Shi ne layin da ke da lamba ɗaya. Tsohon sunan na masu ƙera bai gogu ba, yana nan, saƙon Malam ne kawai yake danne shi duk lokacin da aka kunna. Akwai kuma wani layi dabam da ke gaya wa mai gadin ko ya karanta saƙon ko kada ya karanta. Malam ya sa yatsa a tsakiyar shafi na uku.

“Ga shi. Nan da ‘i’ na bar shi, yanzu ‘a'a’ ne. Ko wuta ta juya shi, ko hannun diraktanku, ban sani ba, ba ni kuma ɗora ma kowa. Tun da ya daina karanta saƙona, ya koma ma tsohon suna. Kullum kuka kunna sai ya tahi sama yana ƙwanƙwasa ma mai karatu ƙohwa yana cewa tashi ka yi aiki.”

Na tambaye shi dalilin da ya sa ta fara tashi ta faɗi da aka musanya su. Ya ce shi faifan aikin ma a jikinsa an rubuta cewa gidansa ƙasa ne. In an ta da shi a sama zai miƙe, ya je neman kayansa a ƙasa, ya tarar da wani a wurin. Ba abin da ya lalace, in ji shi, ko ɗaya.

Sai na yi tambayar da na zo da ita tun daga gida, ko da yake na riga na san amsar.

“Da an zuba sabo a kan wanda take kira diski yanzu fa?”

Ya daina dariya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Da kun goge na sama.”

Can ya ce ai ya rubuta duk wannan a takarda ya manna a cikin ƙyauren. Na ce gara ta karanta ta riga mu. Ya ce to ita ma ta yi ilimi. Ya karɓi birona ya rubuta layi biyu a shafi na huɗu, na farko mai mayar da “a'a” zuwa “i”, na biyu mai sake ta da na'urar. Ya sa na karanta masa su har sau biyu. Ya ce kada a ƙara kada a rage, har tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da zan tafi ya cika mini leda da yakuwa, ya ce in gaya wa dirakta ya rage danne-danne, na'ura ba ganga ba ce.

Na kwana a Keita gidan wata ƙawata, na iso gida washegari da hantsi, ranar da wa'adin dirakta ya cika. Mai gyara ya riga ni zuwa, faifan zubi yana kan tebur. Ban yi dogon bayani ba. Na ce a fara duba cewa kowane faifai yana aljihun da yake tun asali. Ya duba. Na buɗe shafi na huɗu.

“Ni zan karanta, kai ka buga. Kowane harafi ka maimaita mini kafin ka taɓa.”

“To, Tanti. Yau ni ne ɗan lakkol, ke ce malama.”

Haka muka yi. Ina faɗa, yana maimaitawa, yana bugawa, dirakta yana tsaye a bayanmu ya harɗe hannuwa a baya don kada su taɓa komai. Da aka buga layi na biyu allon ya yi baƙi. Na ji ƙarar fanka, na ji wani ɗan ƙas-ƙas daga aljihun ƙasa, wanda na yi shekaru ina ji ban taɓa lura daga ina yake fitowa ba. Rubutu ya fara gudu. Ya wuce inda yake tsayawa da farko, ya wuce inda ya tsaya da aka musanya, sai ga hoton da muka saba. Na nemi wurin ajiyar shirin noma na buɗe. Suna nan a jere, mako bayan mako. Na taɓa ɗaya, sai tarin Baba ya cika ɗakin, wanda yake yi kafin ya fara magana.

Sannan na gaya musu abin da Malam ya ce game da aljihun sama. Mai gyara ya kalli faifan zubin da ke kan tebur, ya ɗauke shi da yatsu biyu ya mayar cikin kabad, ya rufe.

“Tanti, da na kashe tsohon nan karo na biyu.”

“Ba ka kashe shi ba. Kai ka samo umarnin da ya nuna mana.”

Dirakta ya cire hula ya sake sawa. “Madam, daga yau ko ruwa kika ce wanne, sai an gaya miki rijiyar.”

Mai gyara bai koma Madawa ran nan ba. Ya zauna sai da ya gano yadda za a fitar da shirye-shiryen ta waya zuwa tasa na'urar, daga nan zuwa kile biyu, ƴan ƙananan ma'ajin nan da ake soka wa ordinatar. Ɗaya yana kabad ɗin dirakta, ɗaya yana gidana cikin gwangwanin da nake ajiye takardun haihuwar yara. Bayanin Malam kuma na rubuta shi da Hausa da Faransanci, muka rufe takardar da leda, muka manna a kan tsohon tabon gam.

Ranar arba'in dirakta ya zauna a ɗakin watsa shiri, ni na tafi ƙauyen. Maza suna waje a kan tabarmi, an gama addu'a ana rabon gumba. Na shiga ɗakin Inna, mata sun cika shi, ƙaramin rediyo yana kan faifan kaba a gabanta. Bayan la'asar na ji muryata tana gabatar da shirin, gabatarwar da na ɗauka da safe. Na zaɓi wanda Baba ya yi a kan shekarar da ruwa ya yi jinkiri, yadda ya ƙi cin irin da ya ɓoye a tulu duk da yunwa, har ruwan ya zo ya shuka.

Ya yi tari. Ya yi sallama. Wata tsohuwa a kusurwa ta amsa kafin ta tuna. Wasu suka fara share hawaye. Inna ba ta yi kuka ba, ta sunkuya kusa da rediyon tana saurare kamar mai jiran kama kuskure. Ya kai wurin da yake cewa shi ya tona rami a bayan ɗaki ya binne tulun don kada yara su gani. Sai ta ɗago.

“Ji shi! Wallahi ni na binne tulun nan. Shi yana kasuwa.”

Ɗakin ya fashe da dariya, masu kuka suna dariya da hawaye a fuska. A cikin rediyo Baba ya ci gaba da bayaninsa, ya zo inda ya ce, “Ke ƴar nan mai Hausar rediyo,” mata suka juyo gaba ɗaya suna nuna ni. Inna ta ɗaga hannu a yi shiru, ba ta so ko kalma ta wuce ta.

Da shirin ya ƙare ta rage murya, ta riƙe mini hannu kamar ranar ta'aziyya.

“Ɗiyata, wanga kaɗai ya rage, ko da saura?”

“Da saura, Inna. Damina shida.”

Ta yi lissafi a ranta, ta gyara lulluɓi.

“To ki riƙa sa guda kowace ranar kasuwa. In ji sauran abin da ya ce shi ya yi.”